Karen Bahaushe da Ciwon Sukari: Alamomi da Hanyoyin Kulawa a Yankin Maiyama da Jega da Aliero

Tsakure

Ciwon sukari cuta ce da Hausawa suka fi saninta a jikin ɗan Adam, alhali kuwa tana kama kare, kuma a jikin kare ne masana suka fara gano asalinta da maganinta. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda cutar take aukuwa ga kare, da alamominta, da hanyoyin kulawa da karen da ya kamu da ita, tare da auna waɗannan hanyoyi da yanayin rayuwa a ƙananan hukumomin Maiyama da Jega da Aliero na Jihar Kebbi. An dogara da tabbatattun bayanan likitancin dabbobi, aka haɗa su da abin da harshe da al'ada da addini suka tanada game da kare. Maƙalar ta nuna cewa zafin yanayi da tsarin ciyarwa da fargabar haukan kare su ne manyan abubuwan da suke wahalar da kulawar, sannan ta jawo hankali ga buƙatar daidaita kalmomin da ake bayanin cutar da su a Hausa.

Muhimman kalmomi: kare, ciwon sukari, insulin, haukan kare, Maiyama

1.0 Gabatarwa

Nazarin magani da lafiya a al'adar Hausawa ya samu kulawar masana tun da daɗewa. Daga cikin ayyukan da suka yi fice akwai littafin Lewis Wall na 1988 kan cuta da lafiya a wajen Bahaushe, da kundin digiri na uku na Aliyu Muhammad Bunza na 1995 kan rubutattun magungunan Hausa. Akasarin irin waɗannan ayyuka sun karkata ne ga lafiyar mutum. Idan aka waiwayi dabbobi kuwa, hankali ya fi komawa ga shanu da tumaki da awaki da dawaki, domin su ne dukiyar da ake kai wa kasuwa. Kare yakan zo a ƙarshen lissafi, duk da cewa shi ne mai gadin waccan dukiyar.

Maiyama da Jega da Aliero ƙananan hukumomi ne da ke ƙarƙashin Masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Yanki ne na noma da kiwo da fatauci, wanda babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Yawuri ta ratsa. An san Aliero da noman albasa da sana'ar ɗori, an san Jega da kasuwa da fadamun Gulbin Zamfara, Maiyama kuwa tana da garuruwa irin su Mungadi da Andarai da Sambawa inda noma da kiwo suke tafiya tare. A irin wannan muhalli ana samun kare a ruga da gona da hannun mafarauta, sannan a 'yan shekarun nan ana samunsa a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a matsayin mai gadi. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace wata cuta ta kare da ba a cika ambatonta ba, cikin harshen da mai karen yake ji.

2.0 Matsayin Kare a Tunanin Bahaushe

Harshen Hausa ya nuna cewa Bahaushe yana kallon kare da ido biyu. A gefe guda sunansa zagi ne, kuma ana amfani da shi wajen ƙasƙantarwa, kamar yadda ake kiran ɗan barandan wani “karen farautarsa”. A ɗaya gefen kuma akwai karin maganar da ta yarda da gwanintarsa da amfaninsa, kamar “karen bana shi ke maganin zomon bana”. Haka nan “in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi” tana nuna yadda Bahaushe ya lura da ɗabi'un wannan dabba sosai. Karin maganar da ta fi dacewa da wannan nazari ita ce “ba a kiwon kare ranar farauta”, wadda ke koyar da cewa amfanin kare yana biyo bayan ɗawainiyar da aka yi masa ne tun da wuri.

Ta fuskar addini, an ambaci kare a cikin ƙissar Ashabul Kahfi, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Hadisai ingantattu sun ba da izinin ajiye kare domin farauta ko tsaron dabbobi ko gona, kuma Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, ba a ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba. Wanke mazubin da ya sa baki a ciki sau bakwai umarni ne da ake bi domin bauta. Wannan bayani yana da muhimmanci a aikace, domin jinyar kare mai ciwon sukari tana buƙatar a taɓa shi sau biyu a kowace rana. Wanda ya ɗauka cewa taɓa kare haramun ne ba zai iya wannan jinya ba.

3.0 Ma'anar Ciwon Sukari

Duk abincin da dabba ta ci mai ɗauke da sitaci, kamar gero da dawa da shinkafa, hanji yana narkar da shi ya koma wani nau'in sukari da ake kira gulukos, wanda ke shiga jini. Ƙwayoyin halittar jiki suna buƙatar wannan sukari domin samun kuzari, amma yawancinsu ba sa iya ɗaukarsa sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin. Gaɓar da ke samar da insulin ita ce fankiriyas, wata tsoka mai laushi da ke kwance kusa da tumbi da farkon ƙaramin hanji. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina sauraronsa, sai sukari ya taru a cikin jini yayin da ƙwayoyin halitta suke fama da yunwa.

A nan akwai matsalar kalma da ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Akan ji wasu masu fassara suna kiran fankiriyas da sunan “saifa”, alhali saifa gaɓa ce daban wadda aikinta ya shafi tace jini, kuma kowane mahauci ya san ta. Haka kuma sunan cutar kansa, wato “ciwon sukari” ko “ciwon suga”, yana sa mai sauraro ya zaci shan sukari ne kaɗai yake kawo ta. Saboda haka da wuya mai kare ya yarda cewa dabbar da ba ta shan shayi ko lemo za ta kamu da ita. Ga mutum, nau'in cutar da ya fi yawa shi ne wanda jiki ke da insulin amma ba ya amfana da shi yadda ya kamata. Ga kare kuwa, mafi yawan lokuta ƙwayoyin da ke samar da insulin ɗin ne suke lalacewa, don haka cutarsa ta fi kama da nau'in da ke kama yara da matasa, wanda ba shi da magani sai allura.

3.1 Kare a Tarihin Gano Cutar

A 1889, a birnin Strasbourg wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamus, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare fankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. Wannan ne ya tabbatar da alaƙar gaɓar da cutar. A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka tatso wani sinadari daga fankiriyas suka yi wa karnukan da aka cire wa gaɓar allurarsa, sai sukarin jininsu ya sauka. Bayan James Collip ya tace sinadarin, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurarsa a watan Janairun 1922, ya kuma samu sauƙi. A 1923 aka ba Banting da John Macleod lambar yabo ta Nobel. Ranar 14 ga Nuwamba da duniya ke tunawa da ciwon sukari ita ce ranar haihuwar Banting. Ke nan duk mai amfani da insulin a yau, a Birnin Kebbi ko a Toronto, yana cin moriyar gwajin da aka yi a jikin kare.

4.0 Dalilai da Alamomi

4.1 Dalilan Kamuwa

A ƙasashen da ake ajiye kundin jinyar dabbobi, kamar Ingila, ana samun cutar a jikin kusan kare ɗaya cikin 300. Ta fi kama karnukan da suka manyanta, musamman daga shekara 7 zuwa sama. Gado yana da tasiri, haka ma kumburin fankiriyas da ke yawan dawowa, wanda cin kitse mai yawa a lokaci guda kan tayar. Yawan yi wa kare allurar deksametason da danginta ba tare da umarnin likita ba shi ma yana hana insulin aiki.

Dalilin da ya fi shafar yankinmu shi ne wanda ya danganci karya. Bayan lokacin barbara, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, jikin karya yakan ɗauki kimanin wata biyu yana fitar da sinadarin furojestaron mai yawa. Wannan sinadari yana sa hantsarta ta fitar da wani sinadarin girma wanda ke adawa da insulin. Duk zagayowar wannan lokaci yana ƙara wa fankiriyas nauyi, har wata rana ya gaza. Shi ya sa cutar ta fi yawa ga karyar da ba a cire wa mahaifa da ma'ajiyar ƙwai ba. A ƙauyukan ƙasar Hausa kuwa an fi sanin fiɗiye namijin dabba, ba a saba yi wa mace aiki ba.

4.2 Alamomi

Sukarin jinin lafiyayyen kare yana tsakanin miligiram 70 zuwa 120 a kowace desilita. Idan ya haura kimanin 180 zuwa 200, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo cikin fitsari ya janyo ruwa tare da shi. Daga nan alamomi huɗu suke biyo baya. Kare zai riƙa yawan fitsari. Asarar ruwan za ta sa shi yawan ƙishirwa. Yunwar da ƙwayoyin halitta suke ji za ta sa shi yawan ci. Duk da cin, zai riƙa ramewa, domin jiki ya koma ƙona tsoka da kitsensa.

Mai kare yana iya auna ƙishirwar da kansa. Lafiyayyen kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Kare mai kilo 20 ke nan zai sha lita ɗaya da 'yan kai. Idan ya wuce lita biyu, wato kwatankwacin ledar ruwa huɗu ta rabin lita, kuma abin ya ɗore kwana da kwanaki ba a lokacin tsananin zafi ba, to akwai abin dubawa. Wata alamar da aka sani tun zamanin dā ita ce taruwar tururuwa ko kiyashi a inda aka yi fitsari.

Alama ta biyar ita ce yanar ido. Idon kare yana da wani sinadari da ke mayar da sukarin da ya yi yawa zuwa wani abu mai jan ruwa, sai ƙwayar idon ta kumbura ta yi fari. Kimanin kashi 75 cikin 100 na karnukan da ke da cutar suna samun yanar ido cikin kusan shekara guda da gano ta, wani lokaci ma cikin 'yan kwanaki kare yake makancewa. Idan aka bar cutar ba magani, ƙona kitse yana tara wasu sinadarai masu guba da ake kira kiton a cikin jini. Kare zai daina ci, ya riƙa amai, numfashinsa ya yi sauri, ya galabaita. Wannan mataki ne na gaggawa wanda ke kashewa idan ba a kai ga ƙarin ruwa da insulin a asibiti ba.

4.3 Cututtuka Masu Kama da Ita

Ba kowace rama ce ciwon sukari ba. A karkara, abin da ya fi ramar da kare shi ne ƙarancin abinci da tsutsar ciki da cututtukan da kaska ke yaɗawa, da sammore a wuraren da ake da ƙudan tsando. Ciwon ƙoda da ruɓar mahaifa su ma suna kawo yawan sha da yawan fitsari. Abin da ke rarrabewa shi ne gwaji: a samu sukari ya hau a jini kuma a same shi a fitsari a lokaci guda. Tsinken gwajin fitsari da na'urar gwajin sukari da ake sayarwa domin mutane suna iya ba da haske na farko, amma tabbatarwa aikin likitan dabbobi ne. Ga mazauna wannan yanki, baya ga ofisoshin kula da dabbobi na jiha, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

5.0 Hanyoyin Kulawa

5.1 Allurar Insulin

Ƙwayoyin da mutane ke sha domin ciwon sukari, irin su metfomin, ba sa warkar da kare, domin aikinsu ya dogara ne ga samuwar insulin a jiki, shi kuwa kare ya rasa shi. Maganinsa allura ce a ƙarƙashin fata, galibi sau biyu a rana, da tazarar awa 12, har ƙarshen rayuwarsa. Likita ne yake ƙayyade adadin gwargwadon nauyin kare, sannan ya riƙa gyarawa bayan gwaji. Ana tsunkule fatar gefen ƙirji ko ta bayan kafaɗa a soka siririyar allura, ana kuma sauya wuri daga rana zuwa rana. Yawancin karnuka suna sabawa cikin 'yan kwanaki, musamman idan an haɗa allurar da lokacin abinci.

Akwai kuskuren da ya kamata a yi hattara da shi. Insulin ɗin da aka yi musamman domin karnuka, wanda ake sayarwa da sunan Caninsulin, yana da awo 40 a kowace mililita, kuma daga alade ake samunsa saboda insulin ɗin alade da na kare iri ɗaya ne. Na mutane kuwa, wanda shi ne ya fi samuwa a shagunan magani kuma likitoci suke amfani da wasu nau'o'insa ga kare, yana da awo 100 a kowace mililita. Kowanne yana da sirinjinsa. Idan aka zuƙi na mutane da sirinjin awo 40 zuwa lamba 10, abin da aka ɗiba awo 25 ne, wato ninki biyu da rabi na abin da ake nufi, kuma hakan yana iya kashe kare. Idan aka yi akasin haka, awo 4 kacal za a ba shi.

5.2 Adana Magani a Ƙasa Mai Zafi

Ana son a ajiye insulin a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyas, ba tare da ya daskare ba. A Jihar Kebbi kuwa zafin bazara yakan haura digiri 40, ga kuma rashin tsayayyar wutar lantarki. Wani bincike da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Geneva suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa insulin ɗin mutane da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37. Abin nufi shi ne, ba dole sai da firiji ba, amma dole a kare maganin daga zafin da ya wuce wannan iyaka.

A nan fasahar gida tana da rawar takawa. Randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne ta hanyar tsatsafowar da iska ke busarwa. A kan wannan hikima Muhammad Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa tsarin tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a kansa a shekarar 2000. Ana iya saka kwalbar insulin a cikin mazubi mai murfi a ajiye a irin wannan tukunya a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Tsarin ya fi aiki a rani da bazara lokacin da iska ta bushe, ƙarfinsa yana raguwa da damina. Kwalbar da aka buɗe ba ta wuce mako huɗu zuwa shida, gwargwadon nau'inta, kuma duk wadda ta yi gudaji ko ta sauya launi a zubar da ita.

5.3 Abinci

Karen ƙauye yana rayuwa ne a kan ƙanzo da sauran tuwo da abin da ya tsinta a juji ko mahauta, ba shi da ƙayyadadden lokaci ko awo. Wannan tsari ba ya tafiya da insulin, domin allurar tana aiki ko kare ya ci ko bai ci ba. Ƙa'idar ita ce abinci iri ɗaya, awo ɗaya, sau biyu a rana, tare da allura. Mai kare yana iya ɗaure lokutan da abin da ya saba, misali bayan sallar asuba da bayan magariba. Tuwon dawa ko na gero da ba a cire masa dusa duka ba ya fi farar shinkafa da burodi, domin dusa tana jinkirta shigar sukari cikin jini. A haɗa da nama marar kitse ko kifi ko dafaffen wake. Wajibi ne kuma a tsare karen a gida, a bar masa ruwa a kowane lokaci. Hana shi ruwa domin rage fitsari yana jefa shi cikin haɗari.

Abubuwa biyu suna buƙatar kulawa ta musamman a wannan yanki. Na farko shi ne kitsen da ke yawaita a gidaje lokacin layya, wanda kan tayar da kumburin fankiriyas. Na biyu shi ne albasa. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna ɗauke da sinadaran da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare idan ya ci da yawa. A ƙasar da albasa take arha kamar Aliero da kewaye, sauran miya ba abincin kare ba ne, balle marar lafiya.

5.4 Farauta da Motsa Jiki

Gudu yana ƙona sukari. Karen da aka yi wa insulin da safe sannan aka fita da shi farautar yini, sukarinsa yana iya faɗuwa a tsakiyar daji. Abin da ya dace da shi shi ne tafiya matsakaiciya a lokaci guda kowace rana. Ke nan karen farauta da ya kamu da cutar ya yi sallama da daji, sai dai yana iya ci gaba da gadin gida ko garke a kusa. Ko wanda ya makance yana iya wannan aiki, saboda hancinsa da kunnensa sun fi idonsa kaifi, muddin ba a yawan sauya masa wurin kwana da wurin ruwa ba.

5.5 Batun Maganin Gargajiya

A tunanin Bahaushe, zaƙi abu ne da ke iya taruwa a jiki ya yi illa, shi ya sa ake ba mai juna biyu maganin zaƙi, kuma ana ganin ɗaci shi ne kishiyarsa. Bisa wannan tunani ake ba masu ciwon sukari shuwaka da sauran saƙe-saƙi masu ɗaci, kuma ba abin mamaki ba ne mai kare ya ɗura wa karensa irinsu. Sai dai matsalar kare ta rashin insulin ce, kuma babu ganyen da ke maye gurbin sinadarin da jiki ya daina samarwa. Ɗure kuma yana iya sa ruwa ya faɗa huhu. Lokacin da ake ɓatawa ana gwada jiƙo shi ne lokacin da ido ke mutuwa da kiton ke taruwa.

6.0 Faɗuwar Sukari da Fargabar Haukan Kare

Babban haɗarin jinya da insulin shi ne sukari ya faɗi ƙasa da kimanin miligiram 60. Hakan yana faruwa idan allura ta yi yawa, ko kare ya ƙi cin abinci, ko ya yi amai, ko ya yi gudu fiye da ƙima. Zai yi kasala, ya riƙa tangaɗi da karkarwa, ya rikice, yawu ya dalalo, har ya kai ga farfaɗiya. Idan yana iya haɗiya, a ba shi abinci nan take. Idan ba ya iyawa, ana shafa masa zuma ko ruwan sukari mai kauri a dasashi, sannan a nemi likita.

Duk wanda ya karanta waɗannan alamomi zai ga kamarsu da na haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗauka. Saboda haka fargabar jama'a tana da tushe. Sai dai ruɗanin yana da illa ta fuska biyu. Maƙwabta suna iya yi wa karen da sukarinsa ya faɗi rubdugu da sanduna, alhali cokalin zuma ya ishe shi. Mai kare kuma yana iya cusa hannu a bakin mahaukacin kare yana zaton sukari ne, alhali ƙwayar cutar a yawu take, kuma da zarar alamominta sun bayyana ga mutum da wuya ya tsira.

Mafita ita ce rigakafi. Ana yi wa kare allurar rigakafin hauka tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana daga cikin masu samar da ita a Nijeriya. Karen da ke da shaidar rigakafi, yake tsare a gida, aka kuma san lokacin da aka yi masa insulin, shi ne wanda za a iya taimaka wa, kuma ko shi a yi amfani da cokali ko safar hannu. Baƙon kare ko wanda ba a san tarihinsa ba, ba a kusantarsa. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar. Ya kamata mai jinyar kare ya sanar da iyalinsa da maƙwabtansa halin da dabbar take ciki tun kafin wani abu ya faru.

7.0 Tsada da Zaɓin da Ya Rage

Tambayar da ba za a kauce mata ba ita ce ta kuɗi. A garuruwan da mutane masu ciwon sukari suke fama da sayen insulin na kansu, ba kowane manomi ko makiyayi ne zai iya ɗaukar nauyin allura biyu a rana domin kare ba, kuma ba daidai ba ne a zarge shi da rashin tausayi. Amma tsakanin cikakkiyar jinya da watsi akwai matakai. Cire wa karya mahaifa da ma'ajiyar ƙwai aiki ne na sau ɗaya wanda ke rage haɗarin cutar, yana hana ruɓar mahaifa, yana kuma rage yawan kwikwiyon da ake zubarwa. Idan aka yi aikin da wuri ga karyar da cutar ta taso mata bayan barbara, wani lokaci sukarinta yakan daidaita har ta daina buƙatar allura. Guje wa ba da kitse da allurar barkatai ba ya cin ko kwabo.

Idan kuwa cutar ta tabbata kuma jinya ta gagara, korar kare zuwa daji ko kasuwa ba mafita ba ce. Zai mutu a hankali cikin ƙishirwa da makanta, kuma kafin nan ya shiga sahun karnukan da ba su da mai su, waɗanda su ne matattarar haukan kare. Abin da ya fi shi ne a shawarci likitan dabbobi kan hanyar da za a kawo ƙarshen wahalarsa ba tare da azaba ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ciwon sukari a jikin kare cuta ce ta rashin insulin, wadda ake gane ta da yawan sha da fitsari da ci da rama da yanar ido, kuma ake riƙe ta da allura da tsayayyen abinci. A yankin Maiyama da Jega da Aliero, nasarar jinyar ta rataya ne a kan adana magani daga zafi, da tsare kare a gida, da nisantar da shi daga kitse da albasa, da yi masa rigakafin hauka. Ga masu nazarin Hausa kuma akwai aiki a gaba. Ana buƙatar daidaitacciyar kalma ta fankiriyas da za ta raba shi da saifa, da bayanin da zai bambanta faɗuwar sukari da hauka a bakin mai shela da mai gabatar da shirin rediyo. Haka nan akwai buƙatar tattara kalmomin da mafarauta da makiyaya da mahautan wannan yanki suke amfani da su wajen kiran gaɓoɓi da cututtukan kare, domin daga bakinsu ne za a fi samun kalmar da jama'a za su karɓa.